Siem Reap: inda ake ƙwato gona daga hannun nakiya

Daga Kano zuwa Siem Reap ta ƙasar Kambodiya sai mutum ya sauya jirgi sau biyu, a Addis Ababa da kuma Bankok. Na sauka a makon ƙarshe na Nuwamban 2024, damina ta ɗauke, shinkafa ta nuna. Sabon filin jirgin, wanda aka buɗe a 2023, tafiyar kusan awa guda ce a mota daga gari, kuma duk tsawon hanyar ba abin da ido ke gani sai gonakin shinkafa shimfiɗe, da fararen shanu, da dogayen itatuwa 'yan uwan giginyarmu. Wanda bai san tarihin Kambodiya ba sai ya rantse ƙasar nan ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba. Alhali tun daga 1979 nakiyoyi da ragowar bama-bamai sun kashe ko sun raunata mutum kusan 65,000, kimanin 20,000 daga cikinsu sun rasu. A 1996 kaɗai abin ya rutsa da mutum 4,320. A 'yan shekarun nan adadin ba ya kai 100 a shekara. Yadda aka sauko daga can zuwa nan shi na je gani.

A makon ne garin ya karɓi babban taro na biyar na bitar Yarjejeniyar Ottawa, wadda ta haramta nakiyar da ake binnewa domin ɗan Adam. Duk shekara biyar ake yin irinsa. Ana sauran 'yan kwanaki a buɗe, Amurka ta sanar za ta bai wa Yukren irin waɗannan nakiyoyi, ga shi kuwa a lokacin Yukren tana cikin yarjejeniyar. Da wata safiya waɗanda nakiya ta raba da ƙafa ko hannu suka jeru a hanyar shiga zauren, wasu a keken guragu, wasu a kan sanduna, riƙe da kwalaye, yadda babu wakilin da zai shiga bai ratsa ta tsakaninsu ba.

Da wannan dabarar fafutukar haramta nakiya ta ci nasara tun farko. A Oktoban 1992 ƙungiyoyi shida suka kafa ICBL, gamayyar neman haramta nakiya a duniya, cikinsu har da Handicap International, wadda ta faro a 1982 da yi wa 'yan gudun hijirar Kambodiya ƙafafun roba a sansanonin iyakar Tailan. Buƙatarsu ɗaya ce tak: a haramta gaba ɗaya, ba a rage ba. A Janiba, inda sai kowace ƙasa ta yarda ake zartar da magana, abin da aka iya samu a 1996 'yan ƙa'idoji ne kawai. Sai ministan harkokin wajen Kanada, Lloyd Axworthy, ya miƙe a Oktoban shekarar ya ce duk mai so ya dawo Ottawa baɗi a sa hannu, wanda ba ya so a bar shi. Aka kammala rubutun a Oslo a Satumban 1997, a Disamba ƙasashe 122 suka sa hannu. Sai ƙasa 40 sun tabbatar kafin ta fara aiki, ta arba'in ɗin kuwa daga yankinmu take, Burkina Faso, shi ya sa ta soma aiki ranar 1 ga Maris, 1999. Da aka ba gamayyar da jagorarta Jody Williams kyautar Nobel, cikin waɗanda suka karɓa a madadin gamayyar akwai Tun Channareth, ɗan Kambodiya da ya rasa ƙafafunsa biyu a 1982.

A ganina ƙarfin takardar a wa'adinta yake. Shekara huɗu a lalata duk abin da ke rumbu, shekara goma a tsabtace duk filin da aka dasa, kuma kowace shekara a kawo rahoto da lissafi. Na rumbu galibi ya tafi daidai, an lalata sama da miliyan 55. Na ƙasa shi ne ya gagara. Wa'adin Kambodiya na farko ya cika a farkon 2010, aka ƙara zuwa 2020, aka kuma ƙarawa zuwa ƙarshen 2025. Sannan Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Pakistan ba su taɓa shiga ba.

Kafin mutum ya je fili, gara ya fara da gidan tarihin nakiya da ke kusa da tsohon haikalin Banteay Srei, kilomita 25 arewa da gari. Aki Ra ne ya kafa shi, wanda aka sa shi aikin soja yana yaro, ya dasa nakiyoyi da hannunsa, daga baya ya shafe shekaru yana tono su. A nan ne na gan su a buɗe, an cire musu albarushi. PMN ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet faɗinta santimita 11, jikinta roba mai tauri, cikinta giram 240 na sinadarin fashewa TNT. Ita ce ke tafiya da ƙafa har sama da gwiwa. Ƙanwarta PMN-2 giram 100 gare ta. Ta Sin mai lamba 72 ba ta cika tafin hannu ba, giram 50 ko sama kaɗan, ƙarfen da ke cikinta kuma ɗan mitsitsi ne, shi ya sa take wahalar da na'ura. Waɗannan duka takawa ake yi, nauyin kilo biyar zuwa goma ya ishi wasunsu. Akwai POMZ, wadda ake kafawa a kan ɗan turke a ja mata siririyar waya cikin ciyawa, da mai lamba 69, wadda ke tsalle ta kai ƙugun mutum sannan ta tarwatse. Ƙaramar nakiya ba don rahama aka ƙaranta ta ba. Lissafin shi ne soja mai rauni ya fi gawa nauyi ga 'yan uwansa, don sai mutum biyu sun ɗauke shi.

A gefe guda an jibge manya irin TM-46, mai kusan kilo 6 na TNT, wadda ba ta tashi sai nauyi ya haura kilo 100. Yarjejeniyar ba ta taɓa waɗannan ba, don na mota ne. Shekara da shekaru manomi yana bi ta kansu da ƙafa da garmar shanu lafiya lau, ranar da ya samu wadata ya sayi tarakta, ranar suke tashi, sau da yawa da iyalinsa a bayan motar. Wannan gibi ya tsaya mini a rai, don irin abin da ke cin matafiya ke nan a hanyoyin Borno da Diffa. Ta fuskar doka dai abin da ake dubawa shi ne mene ne ke tayar da ita: in takun mutum zai tayar da ita, nakiyar da aka haramta ce, ko masana'anta ta ƙera ta ko an haɗa ta a jarka a daji. Saboda haka Najeriya, wadda ta shiga a 2001, nauyin tsabtace arewa maso gabas yana wuyanta, kamar yadda Nijar ke da sauran aiki a kewayen barikin Madama, inda nakiyoyin zamanin Faransa ke kwance har yanzu, ita kuma Chadi a Borku da Tibesti da Ennedi tun yaƙinta da Libiya.

Cibiyar APOPO, wata ƙungiya mai aikin gano nakiya, tana kan hanyar zuwa tsofaffin haikalan Angkor, kuma duk Bahaushen da ya shiga zai gane ma'aikatan wurin da kallo ɗaya: gafiyoyi ne. Jinsin na gabashi da kudancin Afirka ne, ɗan uwan wadda yara ke tonowa a ƙauyukanmu, har da kumatun nan masu aljihu da suka sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki. A Morogoro ta Tanzaniya ake horar da su, a harabar Jami'ar Sokoine. Tun suna 'yan makonni ake saba musu da hannun mutum da hayaniya. Sai a koya musu cewa ƙarar wani ɗan abin dannawa na nufin ayaba ko gyaɗa na tafe. Daga nan ba a dannawa sai gafiya ta tsaya a kan ƙamshin TNT, da farko a cikin 'yan ƙwallayen ƙarfe masu huda, sannan a binne, sannan a nakiyoyin gaske da aka cire wa kunama. Horon kan ci wata tara zuwa shekara, kuma wadda ta tsallake ko guda a jarabawar ƙarshe ba ta fita aiki.

A fili akan yanka wurin gida-gida, mita 10 da mita 20. Mutum biyu su tsaya a hanyoyin da aka riga aka tsabtace, igiya miƙe a tsakaninsu, gafiya ɗaure a igiyar da 'yar rigarta. Ta je ta dawo, su matsa rabin mita. Inda ta ji ƙamshi sai ta karci ƙasa, a rubuta wurin, daga baya mai na'ura ya zo ya tabbatar. Nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, nakiya ba ta jin ta. Gida ɗaya, murabba'in mita 200, ba ya ɗaukar ta fiye da rabin awa, don ba ruwanta da ƙusa ko gwangwani. Magawa, wata gafiya da ta yi suna, ta gano nakiya 71 da ragowar bama-bamai 38 kafin a hutar da ita a 2021. Sai dai kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Dole a sare ciyawa kafin su shiga, zafi na kashe musu kuzari don haka daga asuba zuwa hantsi suke aiki, har man kariya daga rana ake shafa musu a kunne da wutsiya. Sun fi amfani a faffaɗan fili da ake zargi amma nakiyarsa kaɗan ce. Inda aka dasa su cinkus, sai hannu.

Cinkus ɗin yana yamma. Na bi babbar hanya ta 6 zuwa Sisophon, daga nan muka saki kwalta muka nufi wajen iyaka. Daga tsakiyar shekarun 1980 sojojin Biyetnam da gwamnatin Phnom Penh ta lokacin suka tilasta wa dubban talakawa sare daji da dasa nakiyoyi a tsawon iyakar Tailan, sama da kilomita 700, don tare mayaƙan Khmer Rouge, waɗanda aka kora daga mulki. Shirin K5 ke nan. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga masu aikin. A wasu wurare kilomita ɗaya na ɗauke da nakiya fiye da 2,000.

Kafin a bar baƙo ya shiga fili sai an rubuta sunansa da rukunin jininsa, a nuna masa motar asibiti, wadda ake ajiyewa hancinta na kallon hanyar fita. A sa masa sulken gaba da garkuwar fuska mai kaurin milimita 5. Shugabar tawagar, wadda kowa ke kira bong, wato yaya, ta maimaita doka ɗaya har sau uku: farin turke gefen da aka gama, jan turke iyakar rai, ba a tsallake shi ko da hula ce ta faɗa.

Kowane ma'aikaci da layinsa, faɗin mita ɗaya, tsakaninsa da na kusa da shi mita 25 ko fiye, don in tsautsayi ya faɗa kada ya haɗa da biyu. A gabansa akwai sanda kwance a ƙasa, ita ce iyaka tsakanin inda aka duba da inda ba a duba ba. A durƙushe yake aiki. Da farko ya duba da ido. Sai ya zura siririn tsinke cikin ciyawa ya ɗaga a hankali, ko zai ji waya. Sai ya yanke ciyawar da almakashi daga sama zuwa ƙasa, yana kwashewa da hannu, ba ya fizga. Sannan na'urar gano ƙarfe, wadda ya riga ya gwada da safe a kan ɗan ƙarfen gwaji da aka binne. Ya shara ta dab da ƙasa, kowace shara ta hau kan rabin ta baya. In ba ta yi kuka ba, ya matsar da sandar gaba kaɗan ya sake daga farko. In ta yi kuka, ya sa alama, ya ja baya kamar santimita 20, ya haƙa ɗan rami ya nufi alamar ta gefe, tsinkensa a kwance, bai wuce kusurwar digiri 30 ba. Dalili shi ne farantin da ake takawa a sama yake. Ta haƙarƙari ake son a tarar da nakiya. Ƙa'idar zurfi a nan santimita 13 ce daga asalin doron ƙasa. In ta bayyana ba a ɗaga ta. A rufe layin, a jira ƙarshen aikin yini, a aje mata ɗan abin fashewa a gefe, kowa ya ja nesa, a tayar.

Kafin a samu nakiya ɗaya akan tono ɗaruruwan ƙusoshi da kwanson harsashi da ɓaraguzan ƙarfe, kuma kowane ɗaya sai an yi masa ladabin da za a yi wa nakiya. Nan haɗarin yake. Mutumin da ya tono ƙusa ɗari tun safe, hannunsa kan fara gaggawa, shi ya sa ake busa usur a huta minti goma kowace awa ko mutum bai gaji ba. Ƙasar ma ba ta taimako. Marmara tana da ƙarfe a jikinta, sai na'ura ta yi ta kuka a banza in ba a daidaita ta da ƙasar wurin ba. Da rani ƙasa kan bushe ta yi tauri, mai tono ya ƙara ƙarfi, daga nan ne akasarin haɗarin tono ke fitowa. Maganinsa a zuba ruwa a jira ya jiƙa. Saiwar itace kan karkatar da nakiya har farantinta ya koma kallon tsinke. Ambaliya kan ɗauke ta daga inda aka dasa, gara kan gina suri a kanta ta nutse ƙasa da inda na'ura ke ji. Wasu kuma tun farko biyu aka ɗora, ɗaya bisa ɗaya. Ƙungiyar cire nakiya ta HALO Trust na amfani da wata na'ura da ta haɗa gano ƙarfe da radar mai leƙa ƙasa, tana bambance siffar nakiya da ta tarkace, ta rage tono ƙwarai, amma tana da tsada kuma sai an daɗe ana koyon sauraronta.

Mai aikin hannu kan gama murabba'in mita 20 zuwa 50 a yini. A ce 40: hekta ɗaya, murabba'in mita 10,000, kwana 250 ke nan ga mutum guda. Duk wanda ya yi wannan lissafin zai gane cewa babban aikin ba tono ba ne, sanin inda bai kamata a tona ba ne. Binciken farko da aka kammala a 2002 ya ɗora zargi a kan sama da murabba'in kilomita 4,500, don duk inda aka ce ana tsoro sai a zagaye shi a taswira. Da aka sake zama a 2009, abin da aka ƙiyasta yana buƙatar tono bai kai 650 ba. Yanzu mataki uku ake bi. Na farko tambaya: tsofaffin sojoji, masu gari, mafarauta, matan da ke itace, wa ya taka a ina, saniyar wa ta mutu a wace shekara, wace gona aka yi shekara uku ana nomawa ba abin da ya faru. Da ɗan gari akan ci gari. Na biyu a ratsa filin da layukan gwaji ko gafiya ko kare a gano ainihin iyakar dashen. Na uku ne tono. Wannan mataki na farko ba ya buƙatar na'ura ko sulke, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa, don shaidu na mutuwa, wasu na ƙaura. A yankin Tafkin Chadi yau ne ya kamata a riƙa rubuta kowace fashewa, da ranarta da ainihin wurinta da abin da ya tayar da ita, tun waɗanda suka gani suna nan. Akwai kuma abin da Kambodiya ta koya da wuya: filin da aka tsabtace kuɗinsa kan tashi, masu ƙarfi su ƙwace. Don haka yanzu kwamitocin larduna ke zaɓar filin da za a fara, a rubuta mai shi kafin a kafa turke, a miƙa masa da takarda a gaban jama'a.

A Battambang akwai cibiyar ƙafafun roba da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta kafa a farkon shekarun 1990. Nakiya ba yanka take yi ba, tura ƙasa da tsumman takalmi da ɓaraguzan ƙashi take yi sama cikin tsoka, shi ya sa likita ke yankewa sama da inda ido ke ganin rauni, ya bar wurin a buɗe kwana huɗu ko biyar kafin ɗinki, in ba haka ba ya ruɓe. Ana ɗaukar siffar dungun da filasta, a gasa robar polifirofilin a lulluɓa a kai. Babba kan yi 'yan shekaru da ƙafa ɗaya. Yaro kuwa duk wata shida zuwa shekara sai an sake masa, kuma ƙashinsa na ci gaba da tsawo, wani lokaci har sai an koma tiyata.

A garin ne kuma na ga gunkin naga, macijin almararsu, wanda aka ƙera da dubban bindigogin da aka karɓe. Kambodiya ta fara lalata bindigogi a bainar jama'a a 1999, daga baya da tallafin Tarayyar Turai aka ƙone sama da 100,000 a bukukuwan da suka kira wutar zaman lafiya. Sunan daga wajenmu ya je: Tumbuktu ta kunna tata a Maris 1996, Agadas a Satumban 2000. Ƙona bindiga ma da ƙa'idarsa. A duba kowace ɗaya a tabbatar ba harsashi a ciki, a rubuta lambarta, a jera su a kan itace mai yawa da man dizal yadda zafi zai lanƙwasa bututu da uwar bindigar. In ƙotar katako kawai ta ci, maƙeri zai mayar da ita cikin yini ɗaya. A ƙirga kafin wuta, a ƙirga bayanta. Sun guji sayen bindiga da kuɗi, don hakan kasuwa yake buɗewa; ƙauyen da ya miƙa makamai rijiya ko gyaran hanya yake samu. Aikin da ya fi tasiri kuma ba shi da biki: shiga rumbunan soja, rubuta lambar kowace bindiga a kwamfuta, gina ma'aji mai ƙofa da kwaɗo.

Fafutukar ƙananan makamai ba ta samu irin nasarar ta nakiya ba, kuma dalilin a fili yake. Ba za a ce a haramta bindiga ba tunda kowane ɗan sanda na riƙe da ita, ga shi cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey ta ƙiyasta akwai sama da biliyan ɗaya a duniya a 2017, miliyan 857 a hannun farar hula. Amnesty da Oxfam da IANSA, gamayyar masu yaƙi da bazuwar ƙananan makamai, sun yi shekara goma suna fafutuka daga 2003 kafin a samu Yarjejeniyar Cinikin Makamai a Afrilun 2013, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasar Afirka tabbatarwa. Abin da ta ce shi ne mai sayarwa ya auna haɗari kafin ya sayar; ba wa'adi, ba adadin da za a lalata. Ta ECOWAS ta 2006 ta fi ta haƙori a takarda, don ta hana shigo da ƙananan makamai sai da izinin ƙungiyar. Amma bindigar da ke hannun ɗan bindiga a Zamfara ko Tillaberi ba ta bi ta kwastan ba. Wata daga rumbunan Libiya ta fito bayan 2011, wata daga barikin da aka fasa, wata daga ma'ajin da ba a ƙirga ba.

Bayan dawowata abubuwa sun motsa, ba ta inda masu kwalayen nan suka so ba. A 2025 Istoniya da Latbiya da Lituweniya da Polan da Finlan suka ba da sanarwar ficewa daga Yarjejeniyar Ottawa, suna kafa hujja da Rasha. Kambodiya ta nemi ƙarin wa'adi zuwa 2030. A watan Yulin shekarar sojojin Tailan suka taka nakiya a kan iyakar, wasu suka rasa ƙafa, rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, waɗanda dukansu ke cikin yarjejeniyar. Tailan ta ce PMN-2 ce sabuwar dasawa. Kambodiya ta musanta, ta ce ragowar yaƙin da ne.